Waina Uku Kafin Wasa

A unguwar Longsight da ke Manchester akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Sunan kakarta aka sa mata, don haka mahaifinta ba ya kiran sunan. Uwata yake ce mata.

Mahaifin nata, Malam Falalu, injiniya ne. Amma ka tambayi yaran unguwa, babu mai ce maka injiniya. Alƙalin softbol suka sani. Ba wanda ya koya masa. A laburare ya samo littafin dokokin wasan, ya zauna ya haddace shi tas.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda, ya yar da sandar, ya ruga zuwa gida na farko, wato wata alama da aka ajiye a ƙasa. A gidan akwai mai tsaro sanye da babbar safar hannu, dole ƙafarsa ɗaya tana kan gidan. Idan ƙafar mai gudu ta riga taka gida, alƙali ya ce, "Ya tsira." Idan ƙwallo ta riga shiga safar mai tsaro, alƙali ya ce, "Ya fita." Kalmomi biyu ne kacal, amma a kansu ake dariya, a kansu ake kuka.

Sau biyu a shekara 'yan Arewa na Manchester da na Birmingham suke haɗa yaransu wasa. A watan Yuli 'yan Birmingham su zo. A ƙarshen Agusta 'yan Manchester su je. In an tashi, a shimfiɗa tabarmi, a buɗe kuloli, a ci abinci tare. Wasu iyayen ma ba su san dokar wasan ba. Hira da zumunci ke kawo su.

A da alƙalai biyu ne. Malam Falalu yana tsayawa bayan mai sanda. Wani Bature mai suna Tomas, ma'aikacin cibiyar matasa, yana tsayawa a gida na farko. Tomas ba ɗan kowa ba ne, don haka kowa ya yarda da shi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo. Kansul, wato hukumar garin, ta rufe cibiyar matasa, aka ɗana mata kwaɗo. Tomas ya rasa aikinsa, ya bar garin. Ciyawar fili ma sai da iyaye suka aro inji suka yanke da kansu.

Dakta Maharazu, shugaban 'yan Birmingham, ya bugo waya.

"Malam, Tomas ya tafi. Wa zai tsaya a gida na farko?"

"Uwata," in ji Malam Falalu.



"'Yar Manchester, Malam? Kuma 'yarka?"

"Ta san doka fiye da ni da kai. Ni na tsaya mata."

"To. In dai kai ka tsaya mata, za mu zo."

Yarinyar tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ranar ba ta iya zama wuri ɗaya ba don murna.

Mako uku mahaifinta yana koya mata a ɗan tsakar gidansu na baya.

"Ido ɗaya ba ya kallon abu biyu," ya ce. "Ki sa idonki a ƙafa. Ki sa kunnenki a safar hannu. Ƙwallo tana da ƙara in ta shiga. Wanne kika riga samu, ƙara ko ƙafa? Shi za ki faɗa."

"Na gane, Baba."

"A fili ba Baba. Alƙali."

"Na gane, Alƙali."

"Saura doka ɗaya, ba ta cikin littafi. Alƙali ba ya cin abincin kowa sai an tashi."

"Ko ruwa?"

"Ruwa ki zo da naki."

Ta yi dariya. "Me abinci zai yi wa idona?"

Shi bai yi dariya ba.

"Wanda ya ciyar da ke, za ki ji kunyarsa. Kunya abu ne mai kyau, Uwata. Ni na koya miki ita. Amma ba ta da wurin tsayawa a gida na farko."

Ranar wasa ta zo. Da safe yarinyar ta kasa karyawa don fargaba. Zuwa azahar cikinta ya fara kuka.

Mahaifinta yana can tsakiyar fili yana share wurin tsayuwar mai sanda da ɗan buroshinsa. Ita kuma ta zagaya bayan motoci don ta ɗauko gorar ruwanta. Nan ƙamshi ya tare ta.

Anti Hajo ce, maƙwabciyarsu. Ta buɗe bayan mota tana gyara kuloli. Kowa a Longsight ya san wainar Anti Hajo, kowa kuma ya san bakinta.

"Wa nake gani haka? Alƙaliya da kanta. Zo nan."

"Ina wuni, Anti."

"Lafiya lau. Dubi bakinki, ya bushe kamar na mai azumi. Ungo."

"Anti, Baba ya ce..."

"Babanki ya ce, babanki ya ce. Ni da na goya ki a bayana? Tun yaushe kika girmi wainata?"

Yarinyar ta waiwaya. Mahaifinta ya ba su baya. Wainar kuwa da zafinta, gefenta ya soyu, an barbaɗa mata yaji. Kuma yaya za ka ce wa babba a'a, hannunta a miƙe?

Ta ci ɗaya. Ta ci ta biyu. Ta uku ma ba ta san lokacin da ta shige ba.

Anti Hajo ta goge mata baki da bakin mayafinta, tana dariya.

"To, kin ci wainata. Sai ki duba mini Ɗanjuma."

Ɗanjuma shi ne ɗan Anti Hajo. Yaro ne mai nauyin ƙafa. Shekara uku yana wasan nan, bai taɓa tsira a gida na farko ba ko sau ɗaya.

Aka fara wasa. Yarinyar ta tsaya inda Tomas yake tsayawa. Ido a ƙafa, kunne a safa. "Ya fita." "Ta tsira." Muryarta tana fita sarai, ba wanda ya yi mata gardama. Har ta ji Dakta Maharazu yana ce wa na kusa da shi, "Yarinyar nan ta iya."

Mai tsaron gida na farko a ɓangaren Birmingham 'yar Dakta ce, Batulu. Tsarar yarinyar ce. Siririya, ba ta da surutu, kuma ƙwallo ba ta kuɓuce mata.

Aka zo zagayen ƙarshe. Birmingham tana gaba da ci ɗaya. An fitar da 'yan Manchester biyu. In aka fitar da mutum ɗaya kuma, wasa ya ƙare, kofin gasar ya tafi Birmingham.

Wanda ya ɗauki sanda Ɗanjuma ne.

Ya doki ƙwallo, ta gangara a ƙasa. Ya ruga iya ƙarfinsa, kumatunsa na rawa. Wani ɗan Birmingham ya tsince ta, ya wurgo wa Batulu.

Yarinyar ta sa ido a ƙafa. Ta ji ƙarar ƙwallo a cikin safa, fat. Bayan nan ƙafar Ɗanjuma ta sauka.

Tazarar kaɗan ce, daga nesa ba mai iya rabewa. Amma ita ta ji, kuma ta gani. Ƙwallo ta riga.

Ta buɗe baki. Sai ta hango Anti Hajo a bakin fili, ta dafe ƙirji da hannu biyu, tana kallonta. Ɗanɗanon yaji yana nan a harshenta.

"Ya tsira," ta ce.

'Yan Manchester suka ɗauki sowa. Batulu ta juyo, ƙwallo a safarta, ta dube ta.

"Na riga shi," ta ce da Turanci, a hankali. "Kin san na riga shi."

Yarinyar ta kau da kai.

Dakta Maharazu ya tako har cikin fili. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, a sake dubawa."

Malam Falalu ya cire garkuwar fuskarsa, ya zo gaban 'yarsa.

"Daga inda nake ban gani ba. Alƙali, me kika gani?"

"Ya tsira."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya juya wajen Dakta. "Na ce maka na tsaya mata. Har yanzu ina tsaye."

Yaron da ya biyo bayan Ɗanjuma ya doki ƙwallo har bayan shinge. Shi da Ɗanjuma suka zagaye gidaje duka, ci biyu ke nan. Manchester ta ci da ɗaya.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli. Amma 'yan Birmingham ba su zauna ba. Suka yi sallama a tsaitsaye, suka ce hanya da nisa. A shekara bakwai ba a taɓa yin haka ba. Shinkafa da waina suka huce a kan tabarma, ba mai ci.

Ranar Talata Dakta ya bugo waya. Yarinyar tana kan matakala, tana ji.

"Malam, mutanena sun ce a bar wasan Agusta. Sun ce in babu alƙalin da ba ɗan kowa ba, gara kowa ya zauna a garinsu."

"Ka san ba mu da inda za mu samo shi."

"Na sani. Shi ya sa nake ce maka an bari."

Malam Falalu ya ajiye waya. Ya ɗauko ɗan buroshinsa da garkuwar fuskarsa, ya sa su a jaka, ya ɗora a saman kabad. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya shafa kan 'yarsa ma da zai wuce.

"Kada ki damu, Uwata. Kin faɗi abin da kika gani. Wanda ya ji haushi, shi ya sani."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Kwana uku ba ta iya cin abincin kirki ba. Mahaifiyarta ta taɓa goshinta, ta ce ko a kai ta wajen likita. Yarinyar ta ce lafiyarta ƙalau.

Ranar Juma'a da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti Hajo ce, da faranti a rufe.

"Ina Alƙaliyata? Ga tukuicinki."

Ta buɗe farantin. Waina ce, har ta yi tozo.

"Malam, 'yarka 'yar halak ce. Waina uku na ba ta a bayan mota, na ce ta duba mini Ɗanjuma. Ka ga kuwa ta duba shi."

Ta yi dariya, ita kaɗai. Da ta ga ba wanda ya taya ta, sai dariyar ta tsaya.

Malam Falalu bai dubi Anti Hajo ba. 'Yarsa ya duba.

"Kafin wasa?"

"E, Baba."

Bai ƙara tambaya ba. Tana iya tsayawa a nan, ta ce waina kawai ta ci. A zatonta ba wanda ya ji ƙarar nan sai ita.

Amma ta gaji da ɗaukar abin.

"Ƙwallo ta riga shi," ta ce. "Na ji ƙararta kafin ƙafarsa ta sauka. Na ga Anti tana kallona, sai na kasa."

Anti Hajo ta zauna a hannun kujera.

"Ni fa wasa nake yi. Wallahi wasa nake yi, Malam. Bakin nan nawa."

"Na sani, Hajiya. Ke wasa kika yi. Ita ce ba a aika ta wasa ba."

Yarinyar ta fashe da kuka. Mahaifinta ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya jawo ta kusa.

"Sau biyu na tambaye ki a gaban mutane."

"Ka yafe mini, Baba."

"Ni na yafe. Amma ba ni kaɗai kika cuta ba. Akwai yarinyar da ta kama ƙwallo da kyau, aka ce mata ba ta kama ba. Tana Birmingham."

"In rubuta mata saƙo?"

"A gaban mutane kika faɗi wancan. Da bakinki za ki je ki faɗi wannan."

Kofin yana gidan Anti Hajo, don Ɗanjuma aka ba wa ya ajiye. Yarinyar ta bi Anti gida. Ta fi jin tsoron wannan fiye da komai. Yaro ya tsira sau ɗaya a rayuwarsa, ga shi za ta ƙwace.

Ɗanjuma ya saurare ta har ta gama. Sai ya tashi, ya janyo kofin daga ƙarƙashin gado.

"Me ya kai shi can?" in ji Anti Hajo.

"Ba na son ganinsa, Umma. Ni ma na ji ƙarar. Na san ta riga ni." Ya miƙa wa yarinyar. "Ki kai musu. Ya hana ni sakewa."

Washegari da hantsi ita da mahaifinta suka kama hanyar Birmingham. Kofin yana kan cinyarta, an naɗe shi da tawul. Sa'a biyu suka yi a hanya. Da suka shiga Sparkbrook, suka bi Stratford Road, suka karya wani layi, Malam Falalu ya kashe mota.

"Ga ƙofar can, mai shuɗin fenti."

"Ba za ka fara shiga ba?"

"Ina bayanki. Amma ke ce a gaba."

Ta ƙwanƙwasa. Batulu ce ta buɗe. Ta dubi yarinyar, ta dubi tawul ɗin. Dakta Maharazu ya fito daga falo.

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi. Sannan ta faɗi komai. Waina uku, da ƙarar ƙwallo, da kalmar da ta juya. Sannan ta miƙa wa Batulu kofin.

"Kin riga shi. Ku kuka ci."

Batulu ba ta karɓa da wuri ba.

"Kin san abin da yayana ya ce mini a mota? Ya ce na ɗaga ƙafata daga gida, ni na jawo mana. Mako guda yana faɗa. Har na fara yarda."

"Ba ki ɗaga ba. Ina kallo."

"To, ki faɗa masa. Yana sama."

Aka kirawo yayan. Ta maimaita a gabansa. Ya sosa ƙeya, ya ce wa ƙanwarsa ta yi haƙuri. Sai a lokacin Batulu ta karɓi kofin.

Malam Falalu ya ce, "Dakta, laifina ne. Ni na tsaya mata. In kuna son wasan Agusta, ni da ita za mu zauna a gefe."

Dakta ya gyara tabarau, ya dubi yarinyar.

"Malam, ni likita ne. Na ga manya masu furfura sun yi kuskure sun binne shi. Wannan ta ɗauko nata a cinya, ta kawo shi har ƙofata. Zan kira mutanena in gaya musu. In an yi wasa, ita nake so a gida na farko."

Ranar Asabar ta ƙarshe a Agusta 'yan Manchester suka cika motoci. Malam Falalu ya sauko da jakarsa daga saman kabad. Yarinyar kuwa ta karya kumallo a gida sai da ta ƙoshi, ta cika gorarta da ruwa.

A bakin fili mahaifiyar Batulu ta tare ta da kwanon dambun nama.

"Alƙaliya, ɗan taɓa mana."

Yarinyar ta mayar da hannuwanta baya, ta rusuna.

"Na gode, Anti. Sai an tashi."

Anti Hajo tana gefe. Ta danne murfin kularta da gwiwar hannu.

"Ni yau ko ƙamshi ba zan bari ya fita ba."

Aka yi wasa mai zafi. A zagaye na huɗu Batulu ta doki ƙwallo, ta ruga kamar iska. Ƙara ta riga ƙafarta da kaɗan.

"Ta fita," in ji yarinyar.

Batulu ta harare ta, sannan ta yi murmushi, ta koma wajen 'yan'uwanta.

A zagaye na shida Ɗanjuma ya ɗauki sanda. Tun Yuli yake gudu a bayan makaranta kullum da yamma. Ya doka, ya ruga. Ƙafarsa ta sauka, sannan aka ji fat.

"Ya tsira."

Kowa ya dubi Batulu, don ita ce mai tsaro.

"Ya riga ni," ta ce. "Na ji."

Anti Hajo ta rangaɗa guɗa, har tsuntsaye suka tashi daga kan shinge.

Birmingham ce ta ci wasan, da biyu. Ba wanda ya ce hanya da nisa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kuloli. Yarinyar ta zauna tsakanin Batulu da Ɗanjuma, da dambu a hannu ɗaya, waina a ɗaya.

Mahaifinta ya zo ya zauna kusa da ita, yana kakkaɓe ɗan buroshinsa.

"Me kika koya, Uwata?"

Ta haɗiye lomarta tukuna.

"In an ba ni amana, in faɗi abin da na gani, ko da wanda nake jin kunya yana kallona. In kuma na yi kuskure, in je in gyara da bakina."

"Shi ke nan?"

"Kuma in karya kafin in fito."

Malam Falalu ya yi dariya, ya miƙa hannu ya ɗauki waina ɗaya daga farantinta.